Layin da Ya Haɗiye Sunan Hussaini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in dai ba mutuwa na yi ba, to ba ta yafe mini shirun sati ukun nan ba. Ban mutu ba, Hajiya. Amma yau ba za ku yi dariyar da kuka saba ba, gara in gaya muku tun daga bakin ƙofa.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Zaituna. A Limawa nake cikin Dutse, ni da Ummata. Mahaifina ya rasu ina aji uku a sakandare, ƙaninsa Baffa Maharazu shi ne waliyyina. Aikina rubuta manhajar kwamfuta a wani ɗan kamfani a Takur, saman shagon masu sayar da tayil, mu biyar ne har da mai kamfanin, Malam Tasi'u. Wanda nake so kuma Hussaini ne, Bafulatanin Buji, dogo siriri, mai difloma a lafiyar dabbobi wadda ba ta taɓa zaunar da shi a ofis ba. Shekara uku yana zuwa ƙofar gidanmu a kan babur ɗin da sai an tura yake tashi. Ni ina ce masa Likita, shi yana ce mini Injiniya, alhali duk cikinmu babu wanda ya kai sunan.

Baffa ba mugu ba ne, kada wata ta zage mini shi a ƙasa. Bayan babbar sallah ya kira ni falonsa, na durƙusa a gefen kafet, ya rage muryar rediyo.

"Zaituna, ban ƙi yaron nan ba, yana da natsuwa. Amma allurar shanu a ruga yau akwai gobe babu. Ya kawo mini takarda ɗaya da ke nuna yana da tsayayyen abin yi, a ranar zan ba shi ke. Na ba shi zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan Nuwamba. In ta wuce, ya bar zuwa ƙofar gidan ɗan uwana, ba zan bari a mayar da ke abin nuni a unguwa ba."

Na ce, "To, Baffa," na fito ina lissafin watanni da yatsuna a cikin hijabi.

Sai ga wata ƙungiya mai zaman kanta, ba zan faɗi sunanta ba, ta zo da shirin ɗaukar matasa arba'in daga gidajen makiyaya da manoma. Za a horar da su wata tara kan kula da dabbobi, sannan a ba su aiki a ƙauyukansu. Ba a ɗaukar wanda ya haura shekara talatin, Hussaini kuwa yana cikin ta talatin ɗin, wato daga bana babu wata bana. Kuma kamfaninmu aka ba kwangilar gina manhajar rajistar. Ranar da na gaya masa, dariya ya yi har haƙoransa na gefe suka fito, ya ce, "Injiniya, ke za ki gina ƙofar, ni in shiga. Wannan ai daga sama ne."

Malam Tasi'u ya san tsakaninmu, don haka ya sa na yi masa alƙawari ba zan taɓa fayil ɗin Hussaini ba, ko bincika sunansa ba zan yi ba. Na yi alƙawarin da zuciya ɗaya, har ina jin kaina wata mai gaskiya.

Akwai abin da ban cika faɗa muku ba. Hussaini 'yan biyu ne. Ɗan uwansa Hassan kamarsu ɗaya sak, sai dai Hassan yana da tabon ƙahon saniya a bayan kunnen hagu, kuma shi tun da ya gama sakandare ya rufe littafi ya koma bin shanu, a can ransa yake. Mahaifiyarsu, Dada, ba ta yarda a yi wa ɗaya abu a bar ɗaya. Ko hula aka sayo sai biyu, ko allura aka yi wa ɗaya suna yara sai an nuna wa ɗayan sirinji. Da ta ji maganar fom, ta ce ba a raba mata 'ya'ya a kan takarda. Suka tafi shagon kwamfuta a Buji tare, mai shagon ya fara shigar da Hassan, sannan Hussaini, kamar yadda kowa ke jera su tun ranar suna.

Yanzu ku yi haƙuri in ɗan shigar da ku aikina, domin in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane abin da na yi ba.

Duk sunan da aka yi wa rajista yana shiga wani rumbun bayanai. A bakin rumbun muna ajiye ɗan shirin da muke kira tiriga, aikinsa kamar na mai gadin ƙofa ne, kowane suna sai ya bi ta hannunsa kafin ya shiga. Hanya uku yake da su. In ya miƙa sunan gaba, sunan ya shiga ya zauna. In ya ɗaga ƙara, abin da muke rubutawa RAISE EXCEPTION, komai ya tsaya cak, kuma duk sunayen da suka zo a tura ɗaya da wancan sai a kore su gaba ɗaya, har waɗanda suka riga suka shiga, kamar ba su taɓa zuwa ba. Hanya ta uku ita ce ya karɓi sunan ya mayar da babu, RETURN NULL. A nan ba ƙara, ba jan rubutu. Sunan ba zai shiga ba, sauran za su wuce abinsu, shafin da ke gaban mai shago kuma zai ga babu kuskure, ya buga takarda ya ce an karɓa.

Damuwarmu ita ce masu rajista sau biyu. Mutum zai shiga da Muhammad, ya dawo da Mamman, ya sake dawowa da Muhd. Ƙungiyar kuma ba ta tilasta lambar katin ɗan ƙasa ba, don yaran ruga da yawa ba su da ita. Sai na yi dabarar da na yi ta alfahari da ita: na ce wa tirigar ta manta da sunan farko, ta duba sunan uba, ranar haihuwa, mazaɓa da lambar wayar waliyyi. In huɗun nan suka zo ɗaya da na wanda ke ciki, to mutum ɗaya ne.

Da farko ƙara na sa ta ɗagawa. To amma shagunan ƙauye ba su da sabis mai ƙarfi, tara fom suke yi su turo ɗari biyu a tashi ɗaya. Suna ɗaya ya maimaitu, ɗari biyun su koma. Wayar ofis ta ƙi hutawa. Wani mai shago daga Kiyawa har cewa ya yi zai zo ya ga yarinyar da ke wasa da abincinsa. Ranar wata Talata Malam Tasi'u ya tsaya a kaina yana kaɗa mukullin mota.

"Zaituna, abin nan naki ya cika ihu. Ki sa ya jefar da maimaicin kawai, sauran su wuce."

"Yallaɓai, in ya jefar ba wanda zai sani fa."

"Wa ke buƙatar sani? Wanda ya yi rajista sau biyu ai yana ciki sau ɗaya. Ki gyara kafin azahar."

Na gyara kafin azahar. Layi ɗaya na goge, na rubuta layi ɗaya. Afra'u, abokiyar aikina da teburinmu ke manne, ta leƙo tana cin gyaɗa ta ce, "Ki dai riƙa ajiye waɗanda ake jefarwa a gefe, ko don wata rana."

A da ina da wurin ajiyar. Na cire shi ne saboda lokacin da tirigar ke ɗaga ƙara, duk abin da ta rubuta a gefen shi ma gogewa yake yi tare da sauran, na ga ba shi da amfani. Yanzu da ta koma yin shiru, da zai zauna daram. Na san haka sarai. Na ce wa Afra'u, "Gobe in sha Allah," na tashi na tafi alwala. Goben ba ta zo ba.

Kwana huɗu bayan haka saƙon Hussaini ya shigo ina cikin Keke Napep, na dawo daga aiki.

"Injiniya barka da yamma. Hassan ya samu saƙon tabbatarwa a wayarsa, ni shiru. Ko in koma shagon?"

Saƙon tabbatarwar nan wata tiriga ce ta biyu ke tura shi, wadda ba ta tashi sai suna ya riga ya zauna a rumbu. Sunan da bai shiga ba, ba ta ma san da shi ba. Ni na rubuta ta da hannuna. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya, da na gane. Amma ina riƙe da ledar tumatir a cinya, mai Napep yana faɗa da wani mai babur, na amsa da yatsa ɗaya:

"Takardarka ta ce an karɓa?"

"Ta ce."

"To an karɓa. Sabis ne. Kada ka wahalar da kanka, Likita, ni na gina abin nan."

Ya turo mini hoton ɗan maraƙin da aka haifa musu ranar, ya ce ya sa masa suna Injiniya. A lokacin saura kwana tara a rufe rajista.

Da aka rufe, muka miƙa wa ƙungiyar bayanan, su suka tace waɗanda za su zauna jarrabawa. Sunan Hassan ya fito, na Hussaini babu. Ya je ofishinsu, wata mata ta duba takarda ta ce ba ya cikin waɗanda aka zaɓa. Kun san kunyar Fulani, bai tambayi dalili ba, ya yi godiya ya fito. Ni kuma na ce wataƙila diflomarsa ce ta yi musu yawa. Na zage su a raina har na gaji. Ban duba rumbu ba, ina riƙe da alƙawarina kamar wani abin kirki. Dada ta sa Hassan ya zauna jarrabawar don kada a ce gidan ba wanda ya je. Mutumin da rabonsa da biro shekara goma, ya zo na talatin da ɗaya cikin arba'in, saboda tambayoyin duk na ciwon shanu ne.

Tun daga nan Hussaini ya rage magana. In ya zo sai ya zauna a kan bencin zaure yana juya hularsa a gwiwa. Wata rana ya ce mini, "Injiniya, ashe duk karatun nan da na yi ban kai a kira ni in zauna ba ma." Na ce masa rabo ne. Ni ce na ce masa rabo ne.

Talatar makon Juma'ar Baffa, ina ofis, Afra'u ta ajiye waya tana dariya.

"Yau na ga abin mamaki. Wani dattijo daga Birnin Kudu wai an kira Hassanarsa ba a kira Usainarsa ba. Shi ne na uku fa. Ko ƙungiyar nan ba ta son 'yan biyu ne?"

Gabana ya faɗi. Sunan uba ɗaya. Ranar haihuwa ɗaya. Mazaɓa ɗaya. Lambar waliyyi ɗaya.

Na karya alƙawarin a take. Na rubuta sunan mahaifinsu a rumbu, layi ɗaya ya fito, Hassan. Na sake bugawa kamar zai canza. Sannan na buɗe ainihin fayilolin da shaguna suka turo, waɗanda Allah ya sa ba mu goge ba, na gwada su da abin da ke ciki. Yawancin waɗanda aka jefar maimaici ne na gaskiya. Amma ashirin da uku mutane ne daban masu ransu. Tara 'yan biyu ne. Sauran 'yan gida ɗaya ne da aka rubuta wa ɗaya ga Janairu na shekara ɗaya, irin yadda ake yi wa yaran ƙauye in ba a san ranar haihuwarsu ba. Na goma sha ɗaya a jerin shi ne Hussaini, ga hotonsa da farar rigar da na ce ta fi yi masa kyau, ya ɗan ɗaga haɓa don kada ya fito kamar mai jin barci.

Afra'u ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi. Kujerarta kawai ta jawo ta riƙe mini hannu.

Malam Tasi'u ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tashi ya rufe ƙofar ofishinsa.

"Wa ya sani?"

"Ni da Afra'u."

"To ya tsaya nan. An yi jarrabawa, an fitar da sakamako. In kika ɗaga maganar nan, kamfanin nan ya mutu, mutum biyar ke ci a nan. Kuma me za a ce? Yarinyar da saurayinta bai samu ba ita ce ta gano kuskure. Ki yi tunani."

"Yallaɓai, mutum ashirin da uku ne."

"Na ji. Allah ya ba su wani rabon."

Na koma gida ban ci tuwon Umma ba. Ta dube ni ta ce ko mura ce, na ce eh. Laraba da safe, kafin in fita, na zauna a bakin gado da kwamfutata a cinya na rubuta wa shugabar shirin wasiƙa. Na faɗi layin da na canza, da ranar, da dalili. Na ce laifin nawa ne. Na jera sunaye ashirin da ukun. Kuma don su gane da sauri, na ɗauki misalin da ya fi fitowa fili, na manna hoton Hassan da na Hussaini gefe da gefe, na rubuta a ƙasa cewa waɗannan 'yan biyu ne masu kama ɗaya, na farko yana cikin waɗanda kuka ɗauka, na biyu bai taɓa shiga rumbu ba. Na tura da ƙarfe bakwai da minti goma. Ƙarfe goma sha ɗaya Malam Tasi'u ya karɓi mukullin ofis a hannuna ya ce in je gida sai ya neme ni.

Ranar da la'asar Hussaini ya zo. Na sa doguwar rigata ruwan toka da farin hijabi, ko hoda ban shafa ba. Na fito da ruwa da dabino a faranti, na tarar da shi ba yadda na saba ganinsa kwanakin nan ba. Ya yi aski, idonsa yana da haske.

"Injiniya, zauna, akwai magana." Ya rage murya yana kallon ƙofar cikin gida. "Hassan ba ya son makarantar nan. Ya ce wata tara a aji zai kashe shi. Jiya ya kawo mini takardar ɗaukarsa ya ajiye mini a kan tabarma, ya ce in tafi a madadinsa. Dada ta yarda, ta ce abin Hassan ai na Hussaini ne. Ba wanda zai gane, ko kawunmu sai ya duba bayan kunne."

Na kasa ɗaga kai.

"Na san ba daidai ba ne," ya ci gaba. "Na kwana ina juya shi. Amma aikin na iya shi, ba wanda zan cuta, kuma jibi Juma'a. Baffa takarda ya ce. Zan gaya masa gaskiyar yadda aka yi, ko ya karɓa ko ya ƙi. Abu ɗaya nake so ki faɗa mini, na'urarku za ta gane?"

'Yan uwa, na sha karanta inda ake cewa zuciya ta tsage, ina ɗauka salon marubuta ne. Na ajiye farantin a ƙasa don kada ya faɗi.

"Likita, ba su ƙi ka ba. Ba su taɓa ganin sunanka ba."

Na faɗa masa komai, tiriga, layin, Talatar, ashirin da ukun. Ina magana ina kuka, shi kuwa ko motsi bai yi ba. Da na gama ya tambaye ni a hankali, kamar mai tambayar hanya:

"Wato da kin bar ta yadda take, da mai shagon ya ga ja a gabansa?"

"Da ya gani."

"A gabana."

"Eh."

"Da na hau babur na zo Dutse a ranar. Kwana tara nake da su, Zaituna."

Rabon da ya kira ni da sunana tun farkon haɗuwarmu. Na ce, "Na sani."

"Na tambaye ki ko in koma shagon."

"Na sani."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ja numfashi ya ce, "To. Kuskure ne, kowa yana yi. Bari mu bar shi. Takardar Hassan tana nan, ita za ta fitar da mu."

Nan ne na so ƙasa ta buɗe. Na ce, "Na rubuta musu yau da safe. Na tura musu hotonku ku biyu. Na ce ku 'yan biyu ne masu kama ɗaya, kuma Hassan ne suka ɗauka."

Ya ɗago. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, babu fushi a cikinta, da akwai da na samu abin riƙewa. Ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara ta da hannu biyu.

"Sau biyu ke nan," ya ce.

"Ban san da maganar Hassan ba, wallahi ban sani ba."

"Na yarda. Na farkon ma ba ki sani ba." Ya miƙe. "Ki gaida Umma."

Babur ɗin ya ƙi tashi kamar kullum. A da ni ke tsayawa a bakin zaure ina yi masa dariya yana turawa. Ranar ya tura shi har ƙarshen layinmu bai waiwayo ba, bai kuma hau ba har ya sha kwana.

Alhamis na kira shi sau shida, tana shiga ba a ɗauka. Na tura saƙo, na goge, na sake turawa. Umma ta zaunar da ni a tsakar gida tana tsince shinkafa, na faɗa mata. Ba ta gane tiriga ba, amma ta gane sauran. Ta ce, "Gaskiyar da kika faɗa ba ita ce laifinki ba, 'yar nan. Amma shi ma ki bar shi ya ji zafinsa." Juma'a Baffa ya sa aka share falonsa, ya dawo daga masallaci ya zauna da babbar riga har la'asar. Ba wanda ya zo daga Buji. Bai kira ni ba, bai yi faɗa ba, ya aiko wa Umma cewa ya cika nasa.

Ana kiran magariba wasiƙar ƙungiyar ta shigo wayata. Sun bincika, sun tabbatar. Sun ƙara gurbi biyar, za a yi wa mutum ashirin da ukun jarrabawa ta musamman ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe a Dutse, kowa ya zo da kansa, wanda bai zo ba shi ke nan. Na karanta sau uku a tsaye. Umma ta yafa mayafi ta tafi gidan Baffa da wayata a hannu, ta dawo ta ce ya ce in yaron ya zauna ranar Litinin zai jira sakamako, daga nan kuma kada a sake roƙonsa. Na yi sujada a kan simintin tsakar gida. Na kira Hussaini, na tura masa hoton wasiƙar, na rubuta masa da manyan baƙaƙe. Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba.

Asabar da hantsi aka yi sallama a zaure, muryar Hussaini sak. Na fito da gudu ko takalmi ban sa ba, hijabina a karkace. Yana tsaye ya ba ni baya yana kallon titi, da tsayinsa da wuyansa da komai. Sai na ga tabon a bayan kunnen hagu.

"Yaya Hassan, ina kwana."

"Lafiya lau, Zaituna. Ya Umma?" Ya ƙi zama. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wayar Hussaini, mai tsagaggen gilashi a kusurwa, ya ajiye a kan benci. "Dada ta ce in kawo miki, tun shekaranjiya take ƙara a ɗakinta, ba ta iya kashe ta ba. Ta ce sunanki ne ke fitowa."

"Ina yake?"

"Shanunmu sun tashi Alhamis da asuba, sun nausa kudu wajen Ningi. Ni ne ke binsu duk shekara. Bana ya ce tunda ni zan tafi makaranta, shi zai bi su. Ya ɗauki sandata da gorata, ya bar mini takalmansa na zuwa gari." Ya dubi ƙafarsa, na bi da ido, takalman Hussaini ne baƙaƙe da na raka shi saya. "Sun ɗan matse ni."

Na nuna masa wasiƙar. Ya karanta a hankali yana motsa baki, ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Litinin," ya ce. Ya ƙirga da yatsu. "Yau kwana uku suna tafiya, kuma ba hanyar mota suke bi ba. In na tashi yanzu a babur ina tambaya ruga ruga, wataƙila in cim musu gobe da yamma."

"To ka tashi, don Allah, Yaya Hassan. Zan zuba maka mai. Ka ce masa gurbi biyar ne, ka ce masa ba wanda zai fi shi a cikinsu, ka ce Baffa ya ce zai jira."

Ya miƙo mini wayata. Ya daɗe yana kallon ƙasa, irin kallon da ɗan uwansa ke yi in zai faɗi abin da ba ya so.

"Zan je, don cikinmu ɗaya. Amma kada in ɓoye miki, ko na same shi ban ce zai juyo ba. Na san shi tun kafin a haife mu. Ba jarrabawa ya guje wa ba, Zaituna."

Ya fita. Na ji tashin babur ɗinsa, nasa bugu ɗaya yake tashi. Na zauna a kan bencin kusa da wayar Hussaini, na danna gefenta ta kawo haske, saƙonnina goma sha huɗu suna jere ba a buɗe ko ɗaya ba. Yau Lahadi nake rubuta muku wannan, an yi la'asar, Hassan bai kira ba tukuna.